Rabin Albarushi

Doka ta goma sha ɗaya a kundin Ƙungiyar Maharba ta garin Pruitt layi huɗu ce kacal, kuma Harlan Stroud ne ya rubuta ta da hannunsa a shekarar 1998. Ta ce duk wanda ke riƙe da makullin filin harbi sai ya sabunta cancantarsa ranar Asabar ta biyu a watan Satumba. Za a jera masa kwalaben katako biyar a kan tebur, irin waɗanda ake kadawa da ƙwallo a gidan wasan bolin, ya tsaya ƙafa ashirin da biyar daga gare su, da ƙaramar bindigar da yake yawo da ita da harsashin da yake sa mata. Harbi bakwai. Layin ƙarshe shi ne wanda kowa ya haddace: kwalbar da ba ta bar tebur ba, ba a harbe ta ba.

Dalilin bakwai ɗin ba asiri ba ne. Bindigar Harlan, mai faffaɗan harsashi lamba arba'in da biyar, harsashi bakwai take ci. Ta Delbert Kinnick, mai siririn harsashi na milimita tara, goma sha bakwai take ci, kuma a shekarar ce Delbert ya fara nuna yana son makullin.

Shekara ashirin da shida ke nan makullin yana aljihun Harlan. Shi ke buɗe ƙofar fili da ƙarfe takwas, ya ɗora tukunyar kofi a ɗakin katakon filin, ya sa jar hula, ya rataya usur. Ba a harbi sai ya ce, ba a tsayawa sai ya busa. Tun da ya ajiye aiki a ofishin raba ruwan noma, nan ne kaɗai wurin da ake jiran isowarsa.

Duk safiyar Laraba 'yan ƙungiyar kan haɗu a teburin lungu na gidan abincin da ke gefen gidan mai, su ci ƙwai da soyayyen dankali, su ɗora daga inda suka tsaya a makon jiya. Maganar ɗaya ce: wane harsashi ne ya fi tsayar da mutum.

"Arba'in da biyar ba ta neman alfarma," in ji Harlan. "Tun daga bakin bindiga faɗinta ya kai babban yatsa. Taka fa, Delbert? Sai ka harba ka koma roƙon Allah dalmar ta buɗe a jikin mutum."

"Janar, yawancin 'yan sandan ƙasar nan sun koma tara," in ji Delbert, tsohon makanikin injinan tonon dankali, wanda ya laƙaba wa Harlan wannan suna duk da bai taɓa sa kaki ba. "Su ma duk ba su da hankali?"

"Yaran yanzu ne. Wuyan hannunsu kamar dafaffiyar taliya."

"Ni dai goma sha bakwai gare ni."

"Wanda ya shirya yin kuskure goma sha shida shi ke ɗaukar goma sha bakwai."

"Kai kuma kana yawo da tubali a ƙugu. Shi ya sa wandonka ke gudun cibiyarka."

Akwai mutum ɗaya a teburin da ke riƙe da bindiga lamba arba'in, wadda ba ta kai wannan faɗi ba, ba ta kai waccan yawa ba. Shekara goma yana neman a ba shi dama ya gama jimla guda.

Ba wanda ya taɓa harbin mutum a cikinsu. Wanda ya fi kusa shi ne Delbert, da ya auna wani ɓera a garejinsa a shekarar 2007, ya sami firji. Firjin ya tsaya nan take, kuma Delbert yakan sa shi cikin hujjojinsa. Ban da wannan sun harbi jiƙaƙƙun littattafan lambar waya, da jarkokin ruwa, da kabewa, da ƙofar tsohuwar mota, da daskararren talotalo da aka sa wa rigar sanyi. Ba a taɓa yin gwajin da wani ɓangare ya tashi yana cewa an kayar da shi ba.

Mutum ɗaya a garin da ta ga abin da harsashi ke yi wa jikin ɗan Adam ita ce Marlys, matar Harlan, wadda ta yi shekara talatin da ɗaya tana aikin jinya a ɗakin gaggawa. Sau ɗaya aka tambaye ta, a wani bikin Kirsimeti. Ta ce ita ba ta taɓa gane lambar harsashi daga rauni ba, likitocin ma haka. Abin da suke tambaya shi ne ina ya shiga, me ya taɓa. Ba a sake tambayarta ba.

Marlys ce ta fara lura da hannuwan. Ta ga kwalbar jam ɗin shafa wa burodi tana dawowa kan tebur a rufe. Ta ga ya daina sa riga mai maɓalli. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, ya rubuta magani, ya ce a rage wa hannun wahala. Bara Harlan ya share teburin da harsashinsa na bakwai, bayan nan ya kwana uku bai iya riƙe cokali ba. Bana a watan Yuni ya gwada shi kaɗai, kafin kowa ya iso fili. A harbi na uku bindigar ta doki hannunsa har ta kusa kuɓucewa. Harbi huɗun da suka biyo baya ko takardar gwada saitin ba su taɓa ba.

Shi kuwa Delbert, shekara uku a jere yana share tebur da sababbin harsasansa. Bisa dokar, in mai makulli ya gaza, makullin na wanda ya fi kowa ne a ranar.

Shekara arba'in Harlan na ɗura harsasansa da kansa a gareji, a wani ƙaramin inji mai hannu: kwanso, albarushi, dalma, a danna. Wata ranar Talata da rana tsaka, a cikin Agusta, ya rage ma'aunin albarushin. Ya gwada washegari da safe, hannu ya yi ƙorafi. Ya ƙara ragewa. Bindigar ta fara ƙin tofar da kwanso, sai ya sauya mata sifirin mai laushi. A mako na uku ya tsaya a wajen rabin abin da ya saba zubawa. Ya harba bakwai a takarda, ya je ya duba. Gindin kofin shayi zai rufe ramukan duka. Rabonsa da irin wannan saiti tun yana ɗan shekara hamsin.

Bai ji ya yi wani laifi ba. Abin da yake wa'azi ke nan tun fil azal: faɗi da nauyi ke tsayarwa, gudu kuwa abin taƙamar masu ƙaramin harsashi ne. Arba'in da biyar dama a hankali take tafiya. Ya dai ƙara mata natsuwa ne.

A kan kwalba bai gwada ba. Gidan bolin na garin ya rufe tun 2015, kwalaben da suka rage suna kulle a rumfar Jeannie Etcheverry, sakatariyar ƙungiya, kuma doka ta goma sha biyu ta hana kowa taɓa su kafin ranar. Ita ma dokar shi ya rubuta ta.

Ana saura kwana biyu Marlys ta kawo masa abincin rana a gareji. Ta tsaya tana kallon yadda yake ɗaukar kwanso da yatsu uku.

"Harlan, ka gaya musu kawai."

"In gaya musu me?"

"Cewa shekararka saba'in da huɗu."

"Sun sani. Sun ci kek ɗin."

"To ka ari tara ka harba. Wa zai mutu?"

Ya juyo ya dube ta kamar ta ce ya canza coci. "A gaban Delbert?"

"Delbert da ya kashe firji."

"Ba za ki gane ba, Marlys."

"Haka ne. Ni ɗinkin raunukan kawai na taya yi." Ta ajiye farantin. "Na yanka maka burodin ƙanana."

Ranar Asabar mutum sittin da 'yan kai suka zo. Motocin a-kori-kura sun cika bakin shinge, ana gasa nama a gefen ɗakin katako, matan coci suna sayar da kek. Masu neman makulli su ke fara harbi. Mai arba'in ya kayar da huɗu, ya fara bayanin abin da ya sami ta biyar, ba wanda ya tsaya ji. Delbert ya share teburin da harbi shida. Ya ɗaga harsashi na bakwai sama tsakanin yatsu biyu.

"Janar, ga canji. In ajiye maka?"

"Ka kai wa firjinka."

Harlan ya miƙa wa Jeannie usur, don mai harbi ba ya busa wa kansa. Aka jera sababbin kwalabe biyar. Jama'a suka gyara abin toshe kunne. Duk garin an san arba'in da biyar ɗin Harlan ana jin ta har gidan mai. Delbert ya ɗaga wayarsa yana ɗauka.

Usur ya tashi. Harlan ya danna kunama.

Ƙarar da ta fito kamar an rufe ƙofar mota ce. Kwalba ta farko ta yi rawa, ta sunkuya, ta miƙe. Mutum biyu a layin baya suka ɗaga abin kunnensu don su tabbatar an yi harbi.

Hannun bai ji komai ba. Harlan ya wuce ta biyu, ya same ta a tsakiyar ciki. Ta ja baya kamar faɗin yatsa. Ta uku ko gezau. Ta huɗu ta faɗi a kan teburin, ta mirgina zuwa baki, ta tsaya nan a kwance. Ta biyar ta juya sau ɗaya a kan gindinta. Saura biyu. Ya koma kan ta huɗu, wadda iska ma za ta iya turawa, ya same ta, ta juya ta fuskanci wancan gefen. Ya sake samunta. Ta dawo yadda take.

Harbi bakwai, ba kuskure ko ɗaya. Kwalabe biyar a kan tebur.

Jeannie ta busa usur, aka sauke bindigogi, aka ɗunguma zuwa tebur. Kwalba ta uku ce ta tara mutane. Dalmar tana maƙale a cikinta, rabi a ciki rabi a waje. Delbert ya kama ta da yatsu, ya murɗa, ta fito a hannunsa lafiya lau, kamar a mayar da ita kwanso.

"Jama'a," ya ce, yana nuna wa wayar. "Shekara ashirin da shida ana gaya mini wannan abin yana kayar da doki. Ga shi nan. Katako ya riƙe masa hannu."

"Tsakiya ya samu fa," wani ya ce. "Bakwai duka. Ba laifin mai harbi ba ne."

"Abin da nake faɗa ke nan! Janar ya yi aikinsa. Harsashin ne ba ya da komai a ciki sai suna."

'Yan tara suka ɗauki sowa. 'Yan arba'in da biyar, su wajen goma sha biyu, yawancinsu Harlan ne ya sa suka sayi bindigar, suka tsaya suna duban ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya ja rigarsa ya rufe ƙugu.

Harlan ya tsaya a gefe da bindiga a buɗe. Ya fahimci abu biyu a lokaci guda. Na farko, ba wanda ya zarge shi. Saitin ya wanke shi; gobe za a ce tsohon har yanzu idonsa da hannunsa garau. Na biyu, kafin rana ta faɗi hoton nan zai kai wayar duk wani mai tara daga nan har bakin teku.

Jeannie ta buɗe kundin. Mace ce da ta tashi a gidan makiyayan tumaki, ba ta tsawaita zance.

"Mista Stroud, doka ta ce bindigar da mutum ke yawo da ita. Ba ta ce tun yaushe ba. In ka ce daga yau ka koma wata, a gaban shaidu, zan jera maka biyar ka sake."

Delbert ya zare bindigarsa, ya cire gidan harsashi, ya buɗe ta, ya ɗora a tebur da kyau. Ya daina dariya, ko da yake bai sauke wayar ba.

"Ga ta nan, Janar. Ba ta duka, ba ta cizo. Da wannan saitin naka biyar ma sun ishe ka. Ni makulli bai dame ni ba, wallahi, ƙarfe takwas na safe ba lokacin mutane ba ne. Ka faɗi kalma ɗaya kawai, tara, in ji da kunnena."

Harlan ya dubi bindigar. Ya san zai iya. Ya taɓa harba irinta sau ɗaya a birnin Boise, inda ba wanda ya san shi, kuma hannun bai ce uffan ba. Kalma ɗaya, sai makullin ya koma aljihu, da jar hula, da kofin ƙarfe takwas. Ya hango Marlys a bakin teburin kek, ta harɗe hannu, tana gyaɗa masa kai a hankali: ɗauka mana.

Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Nasa layi huɗu ne, kuma ya isa.

"Ba laifin harsashin ba ne," ya ce.

"To na wa? Na katako?"

"Ni na ɗura su. Rabin albarushi na zuba."

Jeannie ta ɗago daga kundin. "Mista Stroud, ka san abin da kake faɗa? Doka ta ce harsashin da kake yawo da shi. In ba shi ka harba ba, wannan maguɗi ne. Ba sakewa."

"Na san abin da ta ce. Ni na rubuta ta."

"Rabi?" in ji Delbert. "Don me?"

Harlan ya ajiye bindigarsa kusa da ta Delbert, ya miƙa hannuwansa biyu a gaban jama'a. Gaɓɓan sun kumbura kamar ƙullin igiya, yatsun sun karkace waje. Ya yi ƙoƙarin dunƙule na dama, ya tsaya a rabin hanya.

"Ba sa iya riƙe ta in tana cike. Tun Yuni. Arba'in da biyar ba ta yi komai ba, Delbert. Ka sa wannan a hotonka. Da cike take, da kwalaben nan suna can jihar Montana."

Mutane suka dubi hannuwan na ɗan lokaci, kowa ya kawar da ido. Wanda ya rufe ƙugunsa ɗazu ya saki rigar.

"To ai ba gwaji ba ne ke nan!" ya ce da ƙarfi. "Rabin albarushi, kuma duk da haka ta kwantar da ɗaya. Tara a rabin albarushi ko bakin bindiga ba za ta fita ba."

"Ta kwantar, ba ta kayar ba," in ji wani ɗan tara.

"A ninka ka gani!"

"Ba a ninka albarushi a lissafi, jahili, ba dankali ba ne."

Mai arba'in ya ce shi tun farko abin da yake son faɗa shi ne, sai hayaniya ta rufe shi. Cikin minti biyu teburin Laraba ya dawo a tsakiyar fili, da mutum sittin. Ba wanda ya sake maganar hannu.

Harlan ya zaro makullin. Zoben ya ƙi buɗuwa a yatsunsa, sai ya miƙa wa Delbert duka tarin, har da na mota, ya ce ya cire nasa. Delbert ya cire, ya mayar masa da sauran, ya kashe wayar ya sa a aljihu.

"Kofin safe cokali shida na gari ake zubawa," in ji Harlan. "Ba biyar ba."

A hanyar gida Marlys ce ta tuƙa. Sun wuce gidan mai kafin ta yi magana.

"Ka ba da makulli don kare mutuncin dalma."

"Wani sai ya kare shi."

"Ita ta san ka?"

Ta kunna rediyo.

Ranar Litinin ƙarfe takwas saura kwata a-kori-kurar Harlan tana bakin ƙofar fili. Ya zauna a ciki da hular da ba ja ba, yana kallon kwaɗon. Delbert ya iso takwas da minti ashirin da biyar, gashinsa a hargitse, da kwalba ta uku a kujerar gefe. Ya mayar da dalmar raminta da gam. Zai ɗora ta a kan kanta a ɗakin katako, ya ce, har ya rubuta takardar da za a liƙa: Arba'in da biyar, Satumba 2024.

Harlan ya karanta ta tagar mota.

"Ka ƙara: rabin albarushi."

"Ba wuri a takardar."

"Juya bayanta ka sake rubutawa. Ƙanana."

Delbert ya yi tsaki, ya laluba aljihu ya ciro biro. Harlan ya jira har ya ga an rubuta kalmomin biyu, ya duba ko sun fito sosai, sa'an nan ya nuna masa agogo.